Wai a ina jigo yake ɓuya a doguwar waƙar tarihi?

Daren Alhamis ɗin nan da ta wuce ɗan yayata ya same ni a zaure a Ƙofar Mata, an ɗauke wuta ina ta fifita da kwali, ya ajiye min takardu shafi goma sha biyu ya ce Kawu don Allah duba min kafin Litinin. Aikin gida ne aka ba su a kan Waƙar Bagauda, tsohuwar waƙar nan mai jero sarakunan Kano, wai su fito da jigo su kuma yi bayanin zamanin waƙar. Na haska fitilar waya na fara karantawa. Layin farko: jigon wannan waƙa shi ne tarihi. Shi kenan fa, an sallami jigo. Sauran shafi goma sha ɗaya da rabi kuwa tarihin Kano ne tun daga Barbushe har zuwan Turawa a 1903, an kwaso daga intanet an jibge, babu baiti ko ɗaya na waƙar a ciki. Na ce masa yaro, wannan ai kamar a ce ka ɗanɗano miya ne ka dawo kana ba da labarin kasuwar Rimi.

Kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka mu ma muka yi a namu lokacin. Duk wanda ya karanci Hausa ya san hanyar feɗe waƙa ta Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, a fara da salsalar waƙa da tarihin mai ita, a zo kan jigo, a nemo furucin jigo, a gajarce shi, a warware shi, sannan zubi da tsari da salo. Hanyar ba ta da aibu, matsalar ita ce mun mai da ita kamar cike fom ɗin banki, kowane akwati a zuba masa nasa a wuce, akwatin tarihi bai san akwatin jigo ba. A gajerar waƙa wannan yana ɗan wucewa, don sau da yawa mawaƙi da bakinsa zai gaya maka a baiti na biyu ko na uku cewa zai yi gargaɗi ne a kan kaza. Amma doguwar waƙar tarihi da jarumta, irin mai ɗango dubbai, ga sarakuna ga yaƙe-yaƙe ga aljanu ga soyayya ga cin amana duk a kwano ɗaya, idan ka ce jigonta tarihi ne ko yaƙi ne, ba ka faɗi komai ba. Yaƙi abin da take magana a kai ne. Jigo kuwa shi ne abin da mawaƙin yake so ya zauna maka a zuciya bayan ya yi shiru.

Bari in ɗauko wadda Turawa suke kallo a matsayin uwar irin waɗannan waƙoƙi, Iliyad ta Homa mutumin Girka. Ɗango 15,693 ne, kashi 24. Tambayi duk wanda ya taɓa jin sunanta zai ce maka ai labarin yaƙin da Girkawa suka yi da birnin Turoyi ne, wani ma har ya kawo maka zancen dokin katakon nan da aka ɓoye mayaƙa a cikinsa. To dokin nan babu shi a Iliyad, faɗuwar birnin ma babu. Shekara goma aka yi ana kewaye da garin, amma mawaƙin kwana hamsin da 'yan kai kawai ya ɗiba daga shekara ta goma ya watsar da sauran. Kalmar farko ta waƙar a Girkanci ita ce fushi. Fushin Akilis, jarumin da shugaban runduna Agamemnon ya ƙwace wa baiwar da ya samu a ganima a bainar jama'a, shi kuma ya yi zuciya ya koma tantinsa ya ce shi da ɗaga mashi har abada, 'yan uwansa Girkawa suka yi ta faɗuwa kamar ƙudaje yana zaune yana kallo, sai da aka kashe amininsa Fatrokilas sannan fushin ya juya kan Hekta jarumin Turoyi, ya kashe shi ya ɗaure gawar a bayan keken doki yana ja a ƙasa. A ina aka tsaya? Tsohon sarki Firiyam uban Hekta ya sulalo sansanin abokan gaba da dare, ya durƙusa ya sumbaci hannun da ya kashe masa ɗa, ya roƙi a ba shi gawa ya binne. Su biyun suka zauna suka yi kuka, suka ci abinci tare. Aka yi wa Hekta jana'iza, waƙa ta ƙare, gari yana nan tsaye ba a ci shi ba.

Ka ga ke nan. Da yaƙin ne damuwar mawaƙin da ba zai bar mu a tsakiyar hanya ba. Ya fara daga inda fushi ya kunnu ya tsaya inda fushi ya huce, don haka in kana neman jigo a doguwar waƙa duba inda aka yanka ta daga sama da inda aka yanka ta daga ƙasa, kamar yadda tela yake yanka yadi, abin da ya bari a kan tebur shi ma yana gaya maka irin rigar da ya nufa.

Ana kuma cewa a duba abin da ake ta maimaitawa, gaskiya ne, amma nan akwai rami. A Iliyad za ka ga ana ta kiran Akilis mai saurin ƙafa ko da yana zaune a tanti bai motsa ba. Wani Ba'amurke Milman Parry ya tafi Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935 ya ɗauki muryoyin mawaƙan baka masu rera dogayen waƙoƙin jarumta ba tare da takarda ba, ya nuna cewa irin waɗannan kirare-kiraren tubala ne da mawaƙi yake ajiye a ka don cike karin waƙa ya samu ya yi numfashi ya tuno na gaba. Mu ai ba sai Bature ya gaya mana wannan ba, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗan fada ya san aikin amshi. Saboda haka ba duk maimaici ne jigo ba, wani na kari ne kawai, sai ka bambance wanda yake ɗauke da nauyi da wanda yake riƙe da kiɗa.

To yanzu zancen zamani, wanda shi ne ya fi rikita yara. In an ce kawo yanayin tarihin waƙa, tambayar farko ita ce wane daga ciki? Don doguwar waƙar tarihi ba zamani ɗaya take ɗauke da shi ba. Akwai lokacin da abin ya faru, akwai lokacin da mawaƙi ya tsara, akwai kuma lokacin da wani ya rera ko ya rubuta kwafin da ya iso hannunka, kuma tsakaninsu a kan samu ɗaruruwan shekaru. Ɗan yayata na farkon kawai ya sani, alhali shi ne ma mafi ƙarancin amfani wajen gano jigo.

A Iliyad ɗin ma haka ne. Masana suna ajiye yaƙin wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, an ma haƙo tsohon birnin a Hisarlik da ke Turkiyya tun a shekarun 1870, amma waƙar sai wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar tasa aka tsara ta, tazarar sama da shekara ɗari huɗu. Kuma tazarar tana leƙowa ta ko'ina. Makaman jaruman na tagulla ne kamar yadda yake a zamanin yaƙin, amma da aka zo wasannin makokin Fatrokilas sai ga Akilis ya sa curin ƙarfe a matsayin kyauta yana cewa wanda ya ci zai shekara biyar makiyayinsa da manominsa ba su je gari neman ƙarfe ba, wannan kuwa lissafin manomin zamanin mawaƙin ne. Abin dariyar ma shi ne kekunan doki. Mawaƙin ya ji labarin mutanen da suna yaƙi da su amma a waƙarsa yawanci jarumi hawa yake yi a kai shi bakin daga ya sauka ya yi faɗansa a ƙasa, in ta yi zafi ya koma ya hau, wallahi kamar mai ɗaukar shatar a-daidaita-sahu.

Amma misalin da ya sa yaron nan ya gyara zama shi ne Waƙar Rolan ta Faransa. Abin da ya faru a tarihi ga shi. A shekarar 778 Sarki Sharlaman ya shiga Andalus da runduna, kuma wani gwamna Musulmi, Sulaiman al-Arabi, shi ya gayyato shi don ya taya shi faɗa da Abdurrahman na Ƙurɗuba. Aka je Saragosa aka ƙi buɗe masa ƙofa, ya juyo, a hanya ya rushe ganuwar Famfulona, da ya zo tsallake duwatsu a Ronsebo sai mutanen Bask, 'yan ƙasar wurin, suka yi wa bayan rundunarsa kwanton ɓauna suka karkashe su suka kwashi kaya suka ɓace. A cikin matattun akwai wani hakimi Rolan. Iyakarta ke nan, tafiyar 'yan watanni ce da ta ƙare da kunya. Sai wajen shekarar 1100 aka tsara waƙar, ɗango 4,002 a kwafin da ke Okisfod, ka zo ka ga aiki. 'Yan watannin nan sun koma shekara bakwai. Sharlaman da yake ɗan shekara talatin da wani abu ya koma tsoho mai farin gemu da ake cewa ya haura shekara ɗari biyu. Mutanen Bask sun ɓace ɓat, an maye gurbinsu da Musulmi dubu ɗari huɗu a kan Faransawa dubu ashirin, kuma Musulmin da mawaƙin ya zana wai gumaka suke bauta wa, wanda wannan kaɗai ya isa ya nuna maka bai san ko alif a kan mutanen da yake zagi ba.

Malalacin mai nazari zai ce mawaƙin maƙaryaci ne ya rufe littafi. Ni kuwa na ce wa yaron nan daidai inda ya yi ƙaryar nan ne za ka kafa tsinke. Me ya sa Musulmi, me ya sa a 1100? A 1095 Fafaroma Urban na biyu ya yi kiran yaƙin 'yan Salibiyya, a 1096 runduna ta tashi. Waƙar tana magana da bakin 778 amma kunnuwan da take nema na samarin da ake so su ɗau takobi su nufi Ƙudus ne. Daga nan sai sauran ya warware da kansa, Rolan da ya ƙi busa ƙahon neman agaji duk da abokinsa Oliba yana ta roƙonsa, don kar a ce ya ji tsoro, sai da kowa ya ƙare sannan ya busa har jijiyoyin kansa suka fashe, da Ganelon mijin uwarsa da ya sayar da shi, duk ana gina wa barade darasin biyayya ga ubangida da mutuwa a kan addini ne. Ka ga jigo da tarihi sun haɗu a wuri ɗaya, kuma wurin shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ya faru da abin da aka rera. In ba ka san na 778 ba ba za ka gane an canza ba, in ba ka san na 1095 ba ba za ka gane dalilin canjin ba.

Sai ya ce to Kawu mu tamu fa? Na ce yauwa, yanzu ka zo.

Labarin Bagauda yana da manyan hanyoyi biyu. Akwai littafin tarihin Kano na Larabci wanda ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, wanda wani Baturen mulki mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, shi ne ma ya tattara shekarun mulkin sarakuna ya ƙirga da baya ya fito da 999 ɗin nan da kowa yake haddacewa a matsayin shekarar da Bagauda ya hau mulki. Bagaudan da aka fi sani daga wannan ɓangaren baƙo ne da ya zo da runduna ya tarar da mutanen Dala da tsafinsu na Tsumburbura, kuma ana jingina shi da Bawo da gidan Daura. Sannan akwai Waƙar Bagauda ta Hausa, wadda Mervyn Hiskett ya buga da fassara a 1964 da 1965 ya kira ta jerin sarakuna da wa'azi. A waƙar Bagauda maharbi ne daga Gaya, ya zo ya tarar da daji baƙi ƙirin sai namun dawa, shi ya fara saran fili. Jerin sarakunan da shekarunsu ma ba su yi daidai da na littafin ba a wurare da dama.

Ɗan yayata duk wannan saɓanin ya share shi, ya ɗauko na littafin ya liƙa wa waƙar, wato ya goge daidai wurin da ya kamata ya haƙa. Don zancen Gaya ba daga sama ya faɗo ba, mu nan cikin gari mun san labarin Abagayawa maƙera da aka ce daga Gaya suka zo neman tama a gindin Dala, kuma masu haƙa sun samu alamun narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. A ganina littafin yana kallon asalin Kano ta ƙofar fada, wa ya zo da sarauta kuma jinin wa ne, ita kuwa waƙar ta riƙe wani tsohon zance na mutanen gari, wa ya fara zama wa ya fara sara. Wannan kaɗai ya isa shafi uku masu kyau.

Amma jigon fa? Dubi yadda take tafiya. Littafin in ya zo kan sarki irin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, tsayawa yake ya lissafo maka abubuwa goma sha biyu da ya ƙirƙiro, gidan sarki, kasuwar Kurmi, Tara ta Kano, kakaki da figini. Waƙar kuwa sauri take da sarakuna, mafi yawansu suna ne da adadin shekaru sai a wuce na gaba, Haɓe su wuce Fulani su shigo su ma a bi da su haka, kamar mai jan carbi. Da an gama jerin sai ta juya wa'azi, duniya ba matabbata ba ce, ga mutuwa ga kabari ga hisabi. Yaro yana ganin wa'azin nan a matsayin jela da aka manna wa tarihi. Ni ina ganin akasin haka ne, wa'azin shi ne gidan, sarakunan shaidu ne aka jero a ƙofa. Mawaƙin yana cewa ne ga masu kakaki da tambura, wannan ya yi shekara kaza ya tafi, wancan ya yi kaza ya tafi, kai talaka mai sauraro me kake jira. Shi ya sa bai damu ya ba ka ayyukansu ba, ƙarewarsu yake so ka ji. Kuma da ka faɗi haka ka riga ka faɗi zamaninta, don buɗewa da yabon Ubangiji da salati, da amsa-amo, da tsoratarwa da lahira, wannan rigar waƙoƙin wa'azin malamai ce da suka bunƙasa a ƙasar Hausa da jihadin 1804 da bayansa. A sigar da ta iso mana, malami ne yake kallon sarakunan shekara ɗari takwas da idon almajirin ƙarni na 19. To ina amfanin shafi shida a kan Barbushe?

Na ɗan ja masa kunne a kan abu ɗaya dai, kar kuma ya zarce ya mai da kowace waƙa takardar siyasa, ya riƙa shinshino manufa a kowane ɗango. Kukan Firiyam da Akilis ba ya buƙatar ka san shekarar da aka haƙo Hisarlik kafin ya taɓa ka. Tarihi fitila ce kake haska waƙa da ita, in ka juyo da ita idonka ba ka ganin komai.

Zamani na uku, na mai rerawa, shi ne wanda kusan kowa yake mantawa. Labarin Sunjata na Mali ya ishi misali, yaƙin da ya yi da Sarki Sumanguru a Kirina wajen 1235 ne, amma sigar da duniya ta fi sani ita ce wadda Djibril Tamsir Niane ya karɓa daga bakin maroƙi Mamadu Kuyate ya buga da Faransanci a 1960, shekarar da ƙasar ta samu 'yanci ta ɗauki sunan Mali, lokacin da ake ƙishirwar jarumin da ya haɗa kan ƙasa. Maroƙan suna kai asalin gidan Keita, wato gidan su Sunjata, har ga Sayyadina Bilal, kuma kowane maroƙi yana faɗaɗa rawar kakannin wanda ke zaune a gabansa. Mu da muke zuwa biki mun san wannan, maroƙi yana tsaka da wasa wani, da ya hango alhaji ya shigo da sabbin 'yan dubu-dubu a aljihu nan take asali yake canza hanya. Waƙar Bagauda ma haka take rayuwa, ba a rufe ta ba, in sarki ya wuce sai a ƙara baiti a sa shi a layi, shi ya sa kwafi yake bambanta da kwafi.

Na ce masa saboda haka abu mafi sauƙi da za ka fara yi, buɗe kwafinka ka duba wane sarki ne na ƙarshe a jerin, Alu ne da Turawa suka kai Lakwaja, ko Abbas, ko an kai har Abdullahi Bayero, wannan zai gaya maka lokacin da hannu na ƙarshe ya taɓa ta. Ya karɓi wayar ya haska yana ta buɗe shafuka yana lasar yatsa, ya kai ƙarshe ya dawo baya ya sake ƙirgawa, sai na ji ya yi tsaki. Ashe mai fotokwafin ya tsallake masa shafi biyu, daga tsakiyar sarakunan Fulani sai ga shi a cikin kabari ana tambaya. Ya naɗe takardunsa ya ce gobe kafin Juma'a zai koma shagon, ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi ya ce Kawu to ɗari biyar ɗin mota fa.